Yadda Muka Sauko da Dorino

Litinin, 5 ga Fabrairu 1917, da hantsi

Dutse ya sami Dorino a ka. Jiya da la'asar ya fita ɗebo ƙanƙarar da za mu narka mu sha, sai igwar 'yan Ostiriya ta sauke harsashi ɗaya a kan dutsen da ke bayan bukkarmu, wani ɓalli ya tashi ya same shi a saman kunnen hagu. Da ƙafarsa ya shigo yana ta zage-zage, ko bokitin bai yar ba. Ni na ɗaure masa kan. Jinin da ya zuba kaɗan ne, kuma shi ne abin da ya tsaya mini a rai, don Likita Sormani ya sha gaya mana cewa raunin kai in bai zuba waje ba, to ciki yake zuba.

Dole a kai shi asibiti a kwari, kuma mu ne masu kaiwa. Mu huɗu ke jan kwalekwale, abin ɗaukar kaya a kan ƙanƙara, a wannan sansani, ni da Firmino a igiyar gaba, Osvaldo da Dorino a ta baya. Shekara guda cur muna hawowa da burodi da harsashi, muna sauka da mutane. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ƙanin matata zan ɗaure a ciki ba. Me zan ce wa ita Amabile, matar tawa? Me kuma zan ce wa Inna Oliva, da shi ne autanta?

Ƙanƙara na zuba tun asuba, ko tafin hannunka ba ka gani. Kyaftin ya ce babu mai sauka.

Talata, 6 ga wata, tsakar rana

Ba ta tsaya ba. Don kada in zauna ina kallon Dorino, na kifa kwalekwalen na shafe ƙasansa da kitse, na duba igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Sojojin da aka kawo daga bakin teku dariya suke yi in suka ji mun ce kwalekwale, wai ina ruwan yake. To me za a kira abin da aka sassaƙa da katako, ciki rami, baki biyu duk a tanƙware, kowanne da zoben ƙarfe na ɗaura igiya? Ba shi da gaba, ba shi da baya, inda ka ja nan ne gaba. Na fi shekara ashirin ina sauko da ciyawa da itace a kan ƙanƙara kafin wani ya ba ni kaki, ba ɗan masunci ne zai koya mini sunan kayan aikina ba.

Dorino ya ci tuwon masara da cuku, har da neman ƙari. Firmino ya ce masa, "Malalacin banza, ka gaji da ja ne ka nemi hanyar da za a ja ka."

Ya ce, "Shekara guda ina kallon sanƙonka daga baya, tsoho. Ai na cancanci hutu."

Muka yi dariya. Ya yi shi ma, sai dai ya riƙe kansa da hannu biyu kafin ya gama.

Laraba, 7 ga wata, da yamma

Yau na yi abin da ban so ba.

A ƙauyukanmu na yankin Karniya gawa kaɗai ake fitarwa ƙafafu gaba. Kakata ko gadonta ba ta yarda ya kalli ƙofa. Likita Sormani kuwa ɗan birni ne, ya ce camfi ne, kuma dokarsa ɗaya ce: a gangare kan majiyyaci yana sama, ƙafafu na ƙasa, don kada jini ya taru a ka. Har da kwalbar ruwa ya nuna mana, ya karkata ta muka ga inda ruwan ya nufa. Mun yarda da shi, ba mu kuma ƙaryata kakanninmu ba, sai muka raba musu hanyar. Mu fitar da mutum ta ƙofar bukka kai gaba, mu ja shi a miƙe har ɗan filin dutsen nan da muke kira Tebur. A nan mu ba shi kurɓin barasa, mu rufe masa fuska da bargo wai saboda iska, mu juya kwalekwalen a hankali kamar muna gyaran igiya. Daga Tebur sai gangare na awa uku har kwari. Ni na ƙago wannan dabara, kuma ina taƙama da ita.

Na manta cewa Dorino ne mai rufe musu fuska.

Ya kira ni bayan sauran sun fita share ƙofa. Ya ce, "Yaya Gelindo, matso. Ba za ka juya ni a Tebur ba."

Na ce, "Haba, kai ma da bakinka? Mutum nawa muka juya tare da kai?"

Ya ce, "Shi ya sa. Na daɗe ina tunanin abin nan. Wannan ƙofar ba ƙofa ba ce, katako ne da muka kafa bara da hannunmu. Dutsen nan shi ne ɗakin, kwari ne waje. Duk wanda muka juya, da ƙafa ya fita."

"Da yawansu suna nan da ransu."

"Waɗanda ba sa nan fa?"

Na yi masa faɗa. Na ce dutsen ya taɓa masa hankali, na ce ya tuna kwalbar likita. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kwalba ba ta da uwa, Yaya." Sai hawaye. Na san Dorino tun yana bin awakin Inna, na gan shi ya karya ƙafa a daji ya dawo gida yana waƙa, ban taɓa ganin hawayensa ba. Ya kama hannuna ya ce in rantse da kabarin mahaifina.

Na rantse, don ya samu ya yi barci. A raina na ce rantsuwar da aka yi wa marar lafiya ba ta da nauyi, in na je wurin Fada, limamin coci, zai sauke mini ita. Zan juya shi. Ya yi fushi da ni shekara goma in ya ga dama.

Alhamis, 8 ga wata, da safe

Ya yi amai sau biyu. Ya tambaye ni ko ina tune da rantsuwar, na ce ina tune. Ƙanƙara ba ta tsaya ba.

Jumma'a, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Gari ya waye tas, iska ta kwanta. Kyaftin ya ba da izini. Tun da mun zama uku, Firmino zai riƙe gaba shi kaɗai, ni in koma baya tare da Osvaldo, don a gangare baya ce ke cin ƙarfi. Dorino na magana, amma a hankali, kuma idonsa na hagu ya fi na dama lumshewa. Na sa barasar a aljihu.

Jumma'a, da yamma

Mun sauko. Yana asibiti. Igiya ta ci mini tafin hannu, ba na iya riƙe fensir.

Asabar, 10 ga wata, tsakar rana

Bai farka ba.

Asibitin makarantar ƙauye ce aka kwashe bencinanta, har yanzu allon na jikin bango a saman gadonsa. Likita Sormani ya kira mu uku zuwa baranda, ya tsaya yana goge tabarau. Mutum ne ɗan siriri, ba ya ɗaga murya, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya dube ni ya ce, "Kofur, fuskar mutumin nan ta kumbura ta yi baƙi lokacin da kuka shigo da shi. Ina kansa yake a gangare?"

Firmino ya yi caraf ya ce, "Sama, yallaɓai. Kamar kullum."

Likita bai ko kalle shi ba, ni yake kallo. Osvaldo na kallon takalminsa. Na ce, "Hanya ta yi wuya jiya, yallaɓai." Ya mayar da tabaransa ya koma ciki.

Lahadi, 11 ga wata, da hantsi

Bai farka ba. Sista mai jinya ta ce yana haɗiyar ruwa in an ɗiga masa, wai alama ce mai kyau. Numfashinsa kamar minshari. Na zauna kusa da shi na ba shi labarin banza, na ce Firmino ya zame ya faɗi da gindi a gaban kyaftin. Ƙarya ce, na dai ga ko zai motsa baki.

Na rubuta wa Amabile takarda uku, na yaga biyu. Ta ukun ta ce an ji masa rauni, yana hannun likita nagari, ta gaya wa Inna a hankali. Duk gaskiya ce. Ban taɓa jin kunyar gaskiya irin ta yau ba.

Talata, 13 ga wata, da yamma

Mun hau da buhunan burodi da akwatin harsashi biyu, mun sauko da kwalekwale wayam. Yaƙi bai san an kwantar da kowa ba. Osvaldo bai yi mini magana ba tun Jumma'a, in zai ce in saki igiya sai ya gaya wa Firmino, alhali kafaɗarsa na gogar tawa. Da muka iso Tebur babu wanda ya tsaya shan iska, ko da yake nan muke hutawa kullum.

Na leƙa Dorino. Bai farka ba.

Alhamis, 15 ga wata, da la'asar

Yau mun sauko da wani saje ɗan kudu da harsashi ya fasa wa cinya. A Tebur na ba shi barasa, na rufe masa fuska, muka juya shi. Ashe su ma suna da abin a garinsu. Ya ji juyin, ya yaye bargon, ya fara zaginmu. Ya zagi uwata, ya zagi uwar Firmino, ya zagi dutsen da wanda ya kawo shi dutsen, awa uku bai huta ba. Firmino ya ce, "Ci gaba, saje, muryarka ta fi ta alfadarin kyaftin daɗi." Yanzu sajen yana can gado biyu tsakaninsa da Dorino, yana shan miya yana tsokanar sista.

Da sauƙi fa. Ko minti guda juyin bai ɗauka ba.

Jumma'a, 16 ga wata, da safe

Bai farka ba. Mako guda.

Asabar, 17 ga wata, tsakar rana

An ba mu hutun yini. Na wanke safa, na gyara zoben kwalekwale da ba abin da ya same shi, na rasa abin yi. Bari in rubuta, ko na samu ya fita daga kaina.

Da muka iso Tebur ranar da muka sauko da Dorino, Firmino ya tsaya ya juyo yana kallona. Na durƙusa na ba Dorino barasa, ya kurɓa. Na ja bargo zan rufe masa fuska, ya bar ni na rufe. Osvaldo har ya kama zoben baya, jira kawai yake in ɗaga kai. Sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashin bargon, ba da ƙarfi ba, ya ce, "Yaya, ina jinka."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai ambaci kabarin babana ba, bai roƙa ba. Na san kwalbar likita, na san jini ruwa ne, na san duk wannan. Amma hannuna na kan katakon, sai na ga ranar da muka fitar da Baba ta ƙofar gidanmu, tafin ƙafarsa ne ya fara shiga rana. Na kasa. Ba rantsuwar ce ta hana ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya a littafina. Ni ma tsoron nake ji, irin nasa sak, na dai fi shi iya ɓoyewa. Duk waɗanda na juya ba nawa ba ne.

Na ce, "Mu je." Osvaldo ya ce, "Kofur." Na ce, "Na ce mu je."

Tun da ni ke baya, ƙafafunsa ne a gabana har ƙasa. Awa ta farko yana kaɗa su, yana buga takalmi da takalmi don sanyi, Firmino ya ce har yana tsokanarsa daga can gaba. Bayan mun wuce itatuwan farko ta dama kaɗai ke motsi. Kafin gadar katako ita ma ta daina. Ko a nan akwai ɗan fili, da na iya tsayar da mu. Na ce a raina saura kaɗan, na ƙara sakin igiya don mu yi sauri.

Litinin, 19 ga wata, da hantsi

Na je na sami Likita Sormani yana wanke hannu, na gaya masa duka a tsaye, kamar mai ba da rahoto. Ina so ya kai ni gaban kyaftin, a cire mini igiyar kofur, a yi mini wani abu dai.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Na taɓa ganin fuska irin wannan."

Na ce, "Yallaɓai, da na juya shi, da ya farka?"

Ya daɗe yana goge hannu. Ya ce, "Kwana biyar ya yi a sama da jini na taruwa a kansa. Mai yiwuwa ko a kafaɗar mala'iku aka sauko da shi haka za ta kasance. Mai yiwuwa kuma awa ukun nan ne suka ƙarasa shi. Ban sani ba, Kofur, kuma ba zan ce na sani don ka ji sanyi ba."

Na tambaye shi hukuncina. Ya ce yana da majiyyata sittin da masu jan kwalekwale uku, in tafi in ci abinci. Na ji haushinsa ƙwarai, har yanzu ban san dalili ba.

Talata, 20 ga wata, da yamma

Osvaldo ya miƙo mini rabin tabarsa a hanya. Firmino kuwa ya ce, "Ka daina cin kanka, Gelindo. Da ni ne a kwance, abin da zan roƙe ka ke nan." Na ce masa ya rufe mini baki. Sista ta ce Dorino ya daina haɗiyar ruwa.

Laraba, 21 ga wata, da la'asar

Inna Oliva ta iso. Yini biyu ta yi a ƙafa da kwando a baya, ta biyo matan da ke kai wa soja kaya, ga tokar Larabar Toka a goshinta. Amabile ba ta samu zuwa ba saboda yara. Na gaishe ta, na karɓi kwandon, na kasa haɗa ido da ita. Ta kawo masa cuku da safa sabuwa.

Ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa, ta ce, "Auta, ga ni. Ka rame." Daga nan ta shiga ba shi labarin gida, saniya ta haihu, rufin ɗakin ciyawa ya faɗa. Na fita baranda na tsaya.

Alhamis, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya cika ɗazu, hannunsa a nata. Bai farka ba.

Jumma'a, 23 ga wata, da yamma

Mun binne shi a bayan cocin ƙauyen, mu uku muka haƙa, ƙasar ta daskare sai da muka hura wuta a kanta. Fada ya yi sauri saboda akwai wasu biyu na jira.

Na raka Inna har bakin hanya ina ɗauke da kwandonta. Tun safe nake shirya maganar a bakina, na yanke cewa gara ta ji daga gare ni. Sai ta tsaya ta riga ni.

Ta ce, "Gelindo, zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka ɓoye mini. Matan da na biyo sun ce wai soja na sauko da 'ya'yan mutane daga dutse ƙafafu gaba, da ransu, kamar gawa. Tun da na ji ban samu sukuni ba. Nawa fa? Yaya kuka sauko da shi?"

Na ce, "Da kai ya sauko, Inna. Tun daga ƙofa har ƙasa."

"Ba ku juya shi ba ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Shi ya roƙa, ni na ba da umarni. Inna, likita ya ce..."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Bar ni da likita." Ta sauke numfashi mai tsawo, na ga kafaɗunta sun sauka. Tun jiya ba ta yi kuka ba, sai a nan. Ta kama hannuwana biyu, inda igiya ta ci, ta sumbace su, tsohuwar da ta haifi matata. Ta ce, "Ashe bai tafi a wulaƙance ba. Kwanansa ne ya ƙare, amma kai ka yi masa abin da ɗan'uwa ke yi. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba ka masu yi maka haka. Zan gaya wa Amabile irin mijin da take aure."

Sauran maganar na nan a bakina, ban fitar ba. Na sunkuya ta sa mini hannu a ka, na ce amin. Na ɗora mata kwandon a baya, na gyara mata igiyarsa, ta kama hanya.